Alaimen: lambobi na canjawa da an tura mota, shin dole ne a cire ranawut?

Yaron_Gareji_Kakuri

Assalamu alaikum manya. Ina neman a fahimtar da ni. Corolla ce 2006, wilin ƙarfe inci 15, taya 195/65. Na'urarmu ta alaimen irin mai kawuna huɗu ce da ake ratayawa a jikin kilam, wato ƙarfen da yake kama bakin wili, ba mai kyamara ba. An ɗaura kawunan, an tsallake shafin ranawut, wato na cire lilon wili daga awo, kamar yadda aka saba idan mai mota yana sauri, an gyara to-in na gaba, wato karkatar gaban taya ciki ko waje, har ƙafar hagu ta nuna digiri 0.00, allo ya yi kore. Da aka tura motar baya kamar mita ɗaya aka sake daidaita kan, sai ƙafar hagun ta koma +0.52, ja wur, alhali ba wanda ya taɓa tayarod. Kamba kuwa, wato jinginar saman taya ciki ko waje, kusan bai motsa ba.

Tambayata uku ce. Na'urar ce ta lalace? Me wannan shafi na ranawut yake yi a zahiri? Sannan idan wili ya lanƙwashe aka cire ranawut, shi ke nan an magance matsalar wilin?

Usta_TudunWada

Wa alaikumus salam ƙanena. Na'urarku lafiyarta ƙalau, har ma ta gaya muku gaskiya sau biyu ba ku saurara ba.

Fara da wannan: abin da alaimen yake son sani shi ne inda sandar da ƙafa take juyawa a kanta ta dosa. Amma na'ura ba ta ganin sandar, kilam take gani, shi kuma kilam a bakin wili ya kafa faratansa. Idan bakin wilin ya ɗan karkata, ko kilam ɗin bai zauna daidai ba, to kan na'urar yana kallon wani wuri dabam da inda ƙafar take kallo. Ɗauki faifai ka soke shi a tsinke a karkace, ka murza tsinken. Tsinken bai kauce ba, amma bakin faifan yana lilo, yanzu ya yi nan, an jima ya yi can. Wannan lilon shi ne ranawut na gefe, kuma shi ne mai ɓata alaimen.

Abin lura shi ne karkatar tana tafiya tare da taya. Idan tudun wilin yana gaba, wato daidai ƙarfe uku ko tara na agogo, kuskuren gaba ɗaya yana faɗawa kan to-in. Ka juya kwata, tudun ya koma sama, sai kuskuren ya bar to-in ya koma kan kamba. Ka juya rabi, ya dawo kan to-in amma ta ɗaya ɓangaren. Tayarka 195/65 a kan inci 15 zagayenta ya kusa mita biyu, saboda haka mita ɗaya da kuka tura rabin juyi ne cif. Shi ya sa to-in ya yi tsalle kamba bai motsa ba. Kun yi sa'a ne, da rabin mita kuka tura da kamba ne zai ruɗa ku.

Yanzu lissafi. Awo biyu da rabin juyi ya raba, ka haɗa su ka raba biyu, shi ne ainihin abin da ƙafar take. 0.00 da 0.52, ka raba biyu, 0.26. Wato ƙafar da allo ya ce sifili ce, a kan titi tana da to-in na digiri 0.26. Rabin bambancinsu kuma shi ne karkatar, ita ma 0.26. Wili inci 15 milimita 381 ne, kuma a wannan faɗin kowane milimita ɗaya na lilo yana ba da kusan digiri 0.15. Ke nan tsakanin wili da kilam akwai lilo na kusan milimita 1.7. Ido ba zai kama shi ba idan mota na tsaye. Amma littafin irin wannan Corolla ya ce jimillar to-in na gaba sifili ne, da sassaucin milimita 2 ko digiri 0.2 kowane ɓangare. Ƙafa ɗaya kawai ta cinye sassaucin ta wuce.

Kuma kada a ce ɗan kaɗan ne. A kan hanya ƙafafun biyu suna raba kuskuren, kowace ta ɗauki 0.13. Taya mai wannan karkata ana jan ta gefe sama da mita biyu a kowace kilomita. Daga nan zuwa Zariya wajen kilomita 80, ka ga an goga ta a kwalta ta gefe kusan mita 180 a tafiya ɗaya. Nan ne bakin taya na waje yake fara cinyewa yana yin kaifi kamar zarto idan ka shafa.

Gyara ɗaya ga lissafina: tura mota baya yana sa bushin ya ɗan saki ta wani ɓangare, kuma kun sauka daga kan faranti mai juyawa da tayar gaba take zama a kai, don haka ba duka 0.52 ɗin ne na wili ba. Amma mafi yawansa nasa ne.

Abin da shafin ranawut yake yi shi ne wannan lissafin da na yi yanzu, sai dai shi yana yi wa to-in da kamba lokaci guda. A irin na'urarku ta ɗagawa ake yi. Ka duba iskar taya huɗu tukuna, ka tabbata daidai take da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Ka ɗaura kilam, faratan su kama wuri mai lafiya a bakin wili, ba kan dalmar balansin ba, ba kan inda rami ya buga ba, kuma duk su shiga zurfi ɗaya. Ka ɗaure shi sosai ka sa igiyar tsaro. Giya a firi, hambirki a sake, ka tare ƙafafun da ke ƙasa da katako. Ka ɗaga gaba har taya ta bar ƙasa. Ka sassauta makullin kan na'urar don ya tsaya a miƙe yayin da wili yake juyawa. Ka daidaita shi da kumfar lebur, ka danna. Ka juya wilin zuwa inda na'urar ta ce, ka sake daidaitawa, ka danna. Wasu na'urori wuri biyu suke nema, rabin juyi tsakani. Wasu uku, digiri 120 tsakani. Wasu huɗu, kwata kwata. Mai uku da mai huɗu sun fi, domin idan wani abu ya motsa a tsakiya lissafin ba zai haɗu ba, na'urar za ta yi ƙorafi.

Inda yawancin yara suke ɓata aikin shi ne bayan an gama. Na'urar ta haddace cewa kilam yana tsaye a wuri kaza, karkatarsa kaza. Idan tayar ta juya ko da tafin hannu ne kafin ta sauka ƙasa, gyaran da ta haddace ya koma kuskure, wani lokacin ma ya fi na wanda bai yi ba. Saboda haka ka mayar da kilam inda ta ce ya tsaya, ka ta da inji ka sa sandar danne birki don birkin ya kama da ƙarfi, ka kashe, ka zare fin da yake kulle farantai, sannan ka sauke a hankali. Ka danna gaban motar sau uku ko huɗu ka sake ta ta zauna da kanta. Bayan nan ne ake fara karanta lamba.

Tambayarka ta uku, amsarta a'a. Cire ranawut yana hana lanƙwasar wili ruɗa na'ura ne kawai. Wilin yana nan a lanƙwashe, zai ci gaba da karkaɗa sitiyari.

Injiniya_Mando

Usta ya gama magana a kan lissafi, ba abin da zan ƙara. Inda zan ɗan saɓa masa shi ne ɗagawa. Idan na'ura tana da zaɓin turawa, turawa ta fi. Dalili: da ka ɗaga mota, ƙafafu suna rataye, shokazoba ta miƙe, bushin ya murɗe. Idan ka sauke, taya tana taɓa ƙasa a tsuke, kuma sai farantan sun zame sosai kafin ta koma mazauninta. Farantan garejojinmu kuwa, tsakani da Allah, nawa ne suke zamewa? Ƙurar hunturu da yashin damina sun cika ƙwallayen ciki. Sai mota ta zauna sama da tsayinta na gaskiya, kamba ya nuna ƙari, to-in ya bi shi. Ka cire kuskure ɗaya ka shigo da wani. Duk mai ɗagawa ya riƙa buɗe farantansa yana wankewa, ya gwada da ƙafa: idan ba za ka iya zamar da faranti da tafin ƙafarka ba alhali ba kaya a kansa, ba zai zame a ƙarƙashin mota ba.

A na'ura mai kyamara, wadda ake cewa 3D, ba kawuna masu waya, alluna ne masu ɗigo-ɗigo ake maƙalawa. Ana tura motar baya har taya ta juya wajen digiri 40 zuwa 45, wato kamar santimita 20 zuwa 25 a ƙaramar mota, a tsaya allo ya ɗauka, a dawo da ita inda take. Kyamara tana bin hanyar da kowane allo ya bi, daga nan kwamfuta ta fitar da sandar juyawar kowace ƙafa, huɗun a lokaci guda. Ba ya kai minti ɗaya, don haka maganar mai mota yana sauri ba hujja ba ce.

Amma tun da ɗan gajeren juyi take amfani da shi ta ƙiyasta sauran, ƙaramin motsi yana zama babban kuskure. Ga abubuwan da suke ɓata ta.

Fin na farantai dole su kasance a kulle lokacin turawa, na gaba da na baya. Wannan kishiyar ɗagawa ce, kuma nan masu sauya na'ura suke rikicewa. Idan faranti ya zame ƙarƙashin taya, motar ta karkata ke nan a tsakiyar awo. Ramin da ke tsakanin faranti da dandamali a cike shi da gadarsa. Taya ta faɗa wannan ramin ta hau, kyamara za ta ɗauka lilon wili ne.

Kada a tura ta jikin but ko bamba. Danna jiki yana sauya tsayin mota, tsayi kuma yana sauya kamba da to-in. A kama tayar baya ta sama a mirgina ta da hannu, a hankali, ba fizga. Kada hannu ya taɓa kilam ko allo. Kada kowa ya zauna ciki yana riƙe da sitiyari, a miƙe shi a sa maƙallinsa. Kada a tsayar da ita da birki da ƙarfi, katako ake sawa a inda ake so ta tsaya.

Sai dandamali. Idan siminti ne ko lif, dole hagu da dama su zama lebur ɗaya, gaba da baya ma haka. Ramin da aka zuba da ido ba tare da an auna ba, motar tana gangara da kanta tana murɗewa yayin turawa.

Alluna kuma a goge su da tsumma mai laushi, ban da fetur, yana cin fuskar. Daga Disamba zuwa Fabrairu a nan Kaduna sau biyu a rana ma bai yi yawa ba. Garejin da bakinsa yake kallon yamma, hasken la'asar yana shiga idon kyamara ko ya haske allo, sai ka ga ƙafa ɗaya tana ɓacewa tana dawowa. A sa labule ko tamfol. Idan wuta ta ɗauke aka koma janareta kwamfuta ta sake tashi, a sake cire ranawut daga farko, kada a yarda da abin da ya rage a allo. Ƙaramin UPS yana raba ka da wannan wahalar.

Bayan an gama turawa ne ake danne birki, a zare fin, a shiga awon kasta, wato jinginar gaba ko baya ta sandar da sitiyari yake murza ƙafa a kanta. Shi kasta daga canjin kamba ake lissafa shi yayin da ake murza sitiyari digiri 10 ko 20 hagu da dama. Idan birki bai kama ba taya tana ɗan mirginawa yayin murzawar, karkatar wili ta shiga cikin lissafin, kasta ya fito ƙarya.

Gwajin da zai nuna maka ko aikin ya yi: bayan ka cire ranawut ka rubuta lambobi, cire kilam na ƙafa ɗaya, ka juya shi kwata a kan wilin, ka ɗaura, ka sake cirewa. Lambar ta dawo kusa da ta farko, bambancin bai wuce 0.03 zuwa 0.05 ba. Idan ta wuce haka da yawa, ko akwai abin da ke wasa a ƙafar, ko kilam yana zamewa, ko na'urar na bukatar kalibireshan, wato a sake saita ta.

Yaron_Gareji_Kakuri

Na gode Usta, na gode Injiniya, Allah ya ƙara sani. Tamu ba ta da zaɓin turawa, ɗagawa ce kawai. Ga wata matsalar: idan an gama ƙafar hagu ta gaba aka koma dama ana juyawa, sai hagun ta riƙa juyawa baya da kanta. Ke nan wancan aikin ya lalace? Kuma idan an kwance taya don a sa bol na kamba, sai an sake?

Usta_TudunWada

Ya lalace, sai an sake. Difaranshal ne yake yin haka. A mota mai jan gaba ƙafafun biyu suna haɗe ta cikin giyabos, idan ka juya ɗaya, ɗayar tana juyawa kishiya, musamman idan otomatik ce aka bar ta a P, domin a nan an kulle tsakiya, juyin ba shi da mafita sai ta ɗaya ƙafar. Ka sa ta a N. Ko a N ɗin ma takan ɗan ja, don haka wadda aka gama a sa yaro ya riƙe ta, ko a cusa katako tsakaninta da faranti. Hanya mafi sauƙi ita ce ka yi wa taya alama da alli daidai saman kilam, in an gama duka biyun ka duba kowace alama tana inda ka bar ta kafin ka danne birki. Wasu kawunan suna da abin da yake bin juyin wili da kansa, su ba ruwansu da wannan. Idan naku ba irinsu ba ne, alli ne maganin.

A mota mai jan baya kamar Hilux ko Hiace, matsalar tana komawa ƙafafun baya. Idan kuma difaranshal ɗin mai kamewa ne, ƙafafun biyu tare za su juya ta ɓangare ɗaya, kuma ba za ka iya riƙe ɗaya ba. A nan sai mutum biyu su yi ƙafafun lokaci guda, ko a bi yadda littafin na'urar ya tsara. Mota mai jan ƙafa huɗu kullum, gara a ɗaga ta gaba ɗaya.

Maganar kwance taya, ka'idar ɗaya ce: duk abin da ya raba kilam da wili, ko ya raba wili da hob, wato ƙarfen da ake ɗaure wili a kansa, ko ya juya tayar, ya share abin da aka haddace. Ka kwance taya, ka sake. Kafaɗarka ta bugi kilam kana ƙarƙashin mota, ka sake. Ƙafar da abin ya shafa kawai za ka sake, ba duka huɗun ba.

Injiniya ya yi gaskiya a kan farantai, ban musa ba. Sai dai ɗagawa tana da amfani ɗaya da turawa ba ta da shi: ƙafar tana sama a hannunka. Kafin ka ɗaura kilam, kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. Wasa sama da ƙasa, boris ne ko boljoyin. Wasa hagu da dama, tayarod ne ko rak. Na'ura tana iya cire karkatar da take maimaita kanta a kowane juyi. Wasa ba ya maimaita kansa, yau nan gobe can, ba lissafin da zai cire shi. Mota mai wasa a ƙafa a mayar da ita wurin bakanike tukuna.

MaiWili_Kawo

Salam. Ni ta ɓangaren wili zan shigo, don milimita 1.7 da Usta ya lissafa bai kamata a cire a allo a sallami mai mota ba tare da an san daga ina ya fito ba. Wuri huɗu ne: kilam, wili, tsakanin wili da hob, ko hob ɗin kansa.

Agogon awo ake bukata, mai allura, wanda kowane layi yake 0.01 na milimita, da ƙafarsa mai maganaɗisu. Ka ɗaga ƙafar, ka kafa agogon a kan wani ƙarfe mai nauyi a ƙasa, bakinsa ya taɓa gefen wili a wuri mai santsi kusa da inda taya take zama, ba can bakin da ya sha duka ba. Ka mayar da allura sifili, ka juya a hankali juyi ɗaya. Tazarar da ke tsakanin mafi sama da mafi ƙasa ita ce lilon. Wilin aluminiyam mai lafiya bai kamata ya kai milimita ɗaya ba. Na ƙarfe ana yi masa haƙuri zuwa ɗaya da ɗan abu. Ya kai biyu, direba zai ji shi a sitiyari. Wanda ba shi da agogo ya kafa sukurdireba a kan jak-stan, bakinta ya kusa taɓa wili, ya juya yana kallon tazarar. Ba zai ba ka lamba ba amma zai nuna maka tudun.

Idan agogo ya nuna wili lafiya, to kilam ne: farce ɗaya ya lanƙwashe, ko ya cinye, ko an haɗa dogo da gajere. Wannan ma cire ranawut yana ɗauke shi, amma a gyara.

Idan wili ya nuna lilo, yi wa tudun alama da alli, ka yi wa kusar hob da ke kusa da shi alama. Kwance, ka goge fuskar hob da bayan wili da burushin waya har ƙarfe ya fito. Tsatsa da busasshen laka suna zama a nan, kuma ɗan abu a can tsakiya yana ninkuwa a baki: fuskar da wili yake zama a kai faɗinta bai fi santimita 14 ba, bakin wili kuwa 38, ke nan 0.3 a tsakiya ya zama wajen 0.8 a baki. Ka mayar da wilin amma ka juya shi rami biyu. Ka sake aunawa. Tudun ya bi alamar wili, wili ne. Ya tsaya wurin alamar kusa, hob ne ko faifan birki. Shi hob awonsa tsauri ne, littattafan Toyota da dama milimita 0.05 suke ba shi. Hob da ya lanƙwashe yawanci bayan an bugi kwalbati ko an faɗa babban rami da gudu ne, kuma ba a miƙe shi, canjawa ake yi.

Ɗaurin noti ma yana karkatar da wili, musamman na ƙarfe. A ɗaure ɗaya tamau da bindigar iska sauran suna sake, wilin ya zauna a gicciye. A fara da hannu, a bi su a tsallake kamar tauraro, a ƙarasa da sifana mai awon ƙarfi. Ƙananan motocin Toyota 103 Nm ne, Honda 108.

Sai wilin Beljiyam da ake sauyawa tsakanin motoci. Yawancin Camry da Accord rami biyar ne, tazara milimita 114.3, don haka wilin Accord yana shiga Camry. Amma ramin tsakiya na Accord 64.1 ne, hob na Camry kuwa 60.1. Wilin Accord a kan Camry ba abin da yake riƙe shi a tsakiya sai noti, kuma mazaunin notin ma ba iri ɗaya ba ne, na Honda zagaye ne kamar ƙwallo. Sai wilin ya zauna ya ɗan sauka gefe, yana tsalle sama da ƙasa a kowane juyi. Wannan shi ne ɗaya nau'in ranawut ɗin, na tsalle. Shi bai cika taɓa lambobin alaimen ba, amma yana kawo karkarwa daga wajen gudun 90 zuwa 110, kuma balansin ba ya kashe shi, ko an jera dalma nawa. Zoben cike tsakiya da notin da ya dace ne maganinsa.

Miƙe wili: na ƙarfe yana miƙuwa idan baki ne kawai ya lotsa. Idan tsakiyar ce ta murɗe, da wuya ya dawo. Na aluminiyam a kai wa mai injin matsawa, kuma in akwai tsaga a bar shi, guduma da wuta suna ƙara masa rauni ne. Idan mai mota ba shi da halin canjawa yanzu, a mayar da lanƙwasasshen baya ko ya zama safaya, kuma a yi wannan sauyin kafin a ɗaura kilam, ba bayan an gama ba.

Ƙari ɗaya: mota tana ja gefe alhali lambobi duk kore ne kuma an cire ranawut yadda ya kamata, a sauya tayoyin gaba hagu da dama a gwada. Jan ya koma ɗaya ɓangaren, taya ce, ba alaimen ba.

Baba_MaiZare

Yara, wannan abin ya girmi kwamfuta. Tun zamanin 504 da ake haɗawa a Kakuri ana cire shi da alli da tef, kuma har gobe hanyar tana aiki ga wanda ba shi da na'ura, ko wanda yake so ya gwada gaskiyar tasa.

Mota a ƙasa mai lebur, sitiyari a miƙe, a turo ta gaba mita biyu don ƙafafu su zauna. A yi ɗan gicciye da biro a kan farin tef da aka manna a tsakiyar kowace tayar gaba, ta baya, daidai tsayin tsakiyar hob. A auna tsakanin alamun biyu. A tura motar gaba rabin juyi har alamun su zo gaba a wannan tsayin. A sake aunawa. Na baya a cire na gaba, abin da ya rage shi ne jimillar to-in. Tun da wuri ɗaya na taya aka auna sau biyu, duk lanƙwasar da ke jikinta ta shiga awon farko ta shiga na biyu, ta cinye kanta. Gaba ake turawa kullum, kada a ja baya. Idan ƙasan mota ya tare tef a tsayin hob, a sauko da alamar ƙasa da zare mai dalma a yi wa siminti alama, a auna a can.

A kula, milimita a bakin taya ba ɗaya ba ne da milimita a bakin wili. Taya mai tsayin santimita 63, digiri 0.2 yana ba da milimita 2.2. A bakin wili inci 15 kuwa 1.3 ne. A san wanne littafin yake nufi.

Mai aiki da zare a gefen mota shi ma haka: ya auna daga zare zuwa bakin wili gaba da baya, ya tura rabin juyi, ya sake kafa zarensa ya auna, ya haɗa ya raba biyu.

Yaron_Gareji_Kakuri

Allah ya saka da alheri Baba. Ta ƙarshe: tun da bayan Corolla ba a gyara shi, za a iya cire ranawut na gaba kawai a bar baya don a rage lokaci?

Injiniya_Mando

A'a. Ko ba za a taɓa baya ba, daga ƙafafun baya na'ura take fitar da layin da motar take bi, kuma a kan wannan layin take auna to-in na kowace ƙafar gaba. Layin shi ne rabin bambancin to-in na baya hagu da dama. Wilin baya ɗaya ya ba da kuskuren 0.30, layin ya kauce da 0.15. Jimillar to-in na gaba za ta fito daidai, taya ba za ta ci ba, amma ƙafafun biyu an karkatar da su gefe ɗaya da 0.15. Sitiyarin ƙaramar mota yana juyawa wajen digiri 15 zuwa 17 kafin ƙafa ta juya digiri ɗaya, don haka zai zauna a karkace da digiri biyu da wani abu, kuma direba yana hawa titin Ahmadu Bello zai gani. Tun da MaiWili ya ce a mayar da lanƙwasasshen wili baya, a motar taku ma can ne kuskuren zai koma. A ɗaga bayan, a saki hambirki, a yi su biyun kamar na gaba.